Ranar da dutsen girinda ya fashe a shagona

Na daɗe ina so in rubuta wannan abun amma duk lokacin da na ɗauki waya sai in ji jikina yayi sanyi, saboda yaron da abun ya sama ba bare bane, ɗan Addata ne, wato yayata, ita da kanta ta kamo hannunsa ta kawo min shi shago bayan ya gama sakandare tace ga amana nan. Sana'ata walda ce, shekara 19 kenan ina cikinta a garin Gombe, a Jekadafari na koya, yanzu kuma shagona yana wajen Tumfure inda gine-gine suka yi yawa. Get, taga, ƙofa, ƙafar tanki, rumfar mota, duk muna yi. Abun ya faru ne a daminar bara cikin watan Agusta, kuma zan faɗe shi yanda ya faru harda inda laifina yake, don nawa laifin shi ne babba a ciki.

Wani bawan Allah ne ya haƙa bohol a gidansa ya kawo mana aikin ƙafar tanki mai tsayi, da angul, wato dogon ƙarfen nan mai kusurwa, mai inci 3 za'a yi, irin mai kaurin nan. Ya matsa mana lamba sosai saboda mai aikin famfo zai zo ranar Asabar, mu kuma ranar Alhamis ce ko rabin yanka bamu gama ba. Girinda dai ita ce injin hannun da ke juya faifan yankan ƙarfe wanda muke kira dutse. A shagon guda biyu gare mu, babba mai cin dutse inci 9 da ƙarama mai cin inci 4 da rabi. Babbar ita ce ta irin wannan aikin, toh amma kwana huɗu kafin nan koyil ɗinta ya ƙone tana wajen mai naɗi, kullum sai yace gobe. Sai ya rage ƙaramar kawai.

Ita wannan ƙaramar dole in tsaya in yi bayaninta. Murfin ƙarfen nan da yake zuwa da ita, wanda ke rufe rabin dutsen ta ɓangaren mai riƙewa, an cire shi fiye da shekara biyu. Ni da hannuna na cire, don idan za ka shiga lungu ko kusurwar taga yana tokarewa, nace a ajiye za'a mayar, ba'a sake mayarwa ba har ya ɓace cikin tarkace. Mariƙin gefe shima zarensa ya lalace aka jefar. Ka zagaya shagunan walda daga Tashar Dukku har Pantami ka ƙirga girinda nawa ke da murfi, wallahi za ka sha mamaki, mun mayar da cire shi kamar wani ɓangare na sana'a, yaro ma idan ya ga sabuwar girinda da murfinta gani yake mai ita bai ƙware ba.

Sannan akwai bokiti. Wani tsohon bokitin fenti ne a ƙarƙashin teburin aiki inda muke zuba ragowar dutsen babbar girinda. Dutse inci 9 idan ya ci aiki ya koma kamar inci 6 ko 7 baya ƙara kaiwa ƙasan ƙarfe mai kauri a babbar, sai mu ajiye shi mu ce na ƙarama ne, tunda ramin tsakiyarsu ɗaya ne, duka milimita 22 da ɗan ɗigo, yana shiga daidai kamar don ita aka yi shi. Tattali muke ɗauka muna yi, dutse yayi tsada, kuma haka na ga maigidana yana yi. Kwanon rufin da ke saitin teburin kuma yana yoyo, duk ruwan da aka yi sai ƙasan bokitin ya tara.

Da misalin ƙarfe 4 na yamma ina ta walda a waje, yaron ya leƙo yace "Kawu, dutsen ƙaramar ya ƙare." Ban ko ɗaga kai ba nace masa "Duba bokiti." Kalma biyu kenan, kuma har gobe su suke dawo min idan na kwanta. Ya duba ya zaɓo wanda ya fi girma don ya daɗe yana yanka, ya ɗaura, ya shiga cikin shago saboda an fara yayyafi. Angul ɗin dogo ne, ya ɗora shi akan bulo biyu, ɗaya a wannan ƙarshen ɗaya a wancan, layin yankan yana tsakiya babu komai a ƙarƙashinsa, ya taka da ƙafa ɗaya ya tsuguna ya fara.

Ya ci fiye da rabi sai wuta ta ɗauke. Makunnin girindar irin wanda ake turawa gaba ya maƙale ne, baya dawowa sai ka danna bayansa. Yaron bai kashe ba, bai zare dutsen daga cikin tsagar ba, yana nan tsugune ya riƙe ta sako-sako da hannu ɗaya. Shagon yayi duhu ga hadari, tabarau ɗin da ke fuskarsa kuma baƙi ne na masu walda don shi kaɗai muke da shi, sai ya tura shi goshi don ya gani. Babban yarona wanda suke kira Hamma ya zagaya baya ya ja janareta ya juya layi kamar yanda ya saba, bai yi magana ba don ba'a taɓa ce masa yayi ba.

Ƙarar da na ji kamar an fasa tayar babur ce. Na jefar da abun hannuna na shiga na tarar girindar tana birgima a ƙasa tana ta juyi da guntun dutse a bakinta, yaron ya faɗi ta baya ya dafe fuska jini yana bin yatsunsa. Hamma ne ya fizge wayar daga soket.

Dutsen gida huɗu ya rabu. Guda ya tsaga masa kumatu daga ƙasan idon hagu zuwa kusa da kunne, guda ya yanke shi a damtse, guda ya huda kwanon rufi ya fita, na huɗun sai washegari muka same shi ya nutse a jikin ƙofar katako. Tsakanin inda ya fara tsaga kumatun da ƙwayar idon bai kai faɗin yatsa biyu ba.

Kafin ka ce me mutane sun cika wajen, kowa da maganinsa. Bakaniken da ke kusa da mu ya rugo da man birki yace a zuba jinin zai tsaya, wani yace fetur, wata mai abinci tace a sa toka. Na san duk da kyakkyawar niyya suka zo amma Allah ya taimake ni na hana, don na taɓa ganin yanda man birki ya ƙona naman wani yaro ciwon ya ƙi warkewa wata da watanni. Wani mai kemis a layin ne ya kawo bandeji mai tsabta yace a danna da ƙarfi kar a riƙa ɗagawa ana leƙawa, idan ya jiƙe a ƙara wani a kai, hannun kuma a ɗaga shi sama. Yaron yana ta cewa "Kawu idona, akwai abu a idona," yana so ya murza, wani dattijo yace bari ya sa harshe ya lasar masa, wani yace a kawo maganaɗisu. Mai kemis ɗin ya riƙe masa hannu yace kar wanda ya taɓa idon, ya yanke ƙasan kofin roba ya kifa a kai ya manne da filasta don kar wani abu ya danne shi. A Keke Napep muka kai shi asibiti.

An yi masa ɗinki 11 a fuska, 6 a hannu, aka yi masa allurar tetanus don rabonsa da ita tun yana jariri. Idon kuma likitar ido ce ta duba da na'ura, ta samu ɗan ɓarɓashin ƙarfe ya maƙale a gaban baƙin idon, har tsatsa ta fara zagaye shi. Tace ƙarfe idan ya zauna a ido cikin 'yan awanni yake fara tsatsa, shi yasa ba'a kwana da shi a gida ana jiran hawaye ya fitar, kuma da an murza ko an tsokala da tsinke da ya ƙara nutsewa. Ta sa masa maganin kashe zafi ta cire, bayan kwana biyu muka koma ta kankare ragowar tsatsar. An kuma ɗauki hoton kansa don a tabbatar babu wani guntun da ya shige ciki.

Addata da ta zo bata yi min faɗa ba, da tayi da ya fi min sauƙi. Kallona kawai tayi tace "Haka aikin naku yake, ko wani abu ne ya lalace?" Na buɗe baki zan ce tsautsayi ne, ƙaddara ce, wanda gaskiya ne babu mai kauce wa abun da Allah ya rubuta, amma sai na kasa, saboda Manzon Allah (SAW) cewa yayi ka ɗaure raƙumarka sannan ka yi tawakkali, ni kuma na san ban ɗaure komai ba.

Washegari na tattara guntayen na kai wa ƙanina wanda yayi karatun injiniya a jami'ar ATBU Bauchi, muka jera su a kan tabarma. Abun da ya fara nuna min shi ne rubutun da ke jikin dutsen, wanda shekara 19 ina kallonsa ban taɓa karantawa ba. An rubuta iyakar gudunsa, juyi 6,650 a minti. Ya juya girindar ya goge farantin da ke jikinta, an rubuta 11,000. Yace kowane dutse da iyakarsa, na inci 4 da rabi yana ɗaukar har 13,300, na inci 5 wajen 12,250, na inci 7 kuma 8,500, na inci 9 shi ne 6,650, kuma duk lissafin abu ɗaya ake kiyayewa, kar bakin dutsen ya wuce gudun mita 80 a daƙiƙa, wato kusan kilomita 288 a awa. Shi yasa babbar girinda take juyawa a hankali, ƙarama take ihu. Muka auna guntayen, dutsen ya kai inci 7 lokacin da aka ɗaura shi. Ya buga a waya, inci 7 a juyi 11,000 bakinsa yana gudun sama da mita 100 a daƙiƙa, kimanin kilomita 370 a awa. Kuma yace ƙarfin da ke neman yaga dutsen ba daidai da gudun yake ƙaruwa ba, idan gudu ya ninka biyu shi sau huɗu yake ninkawa. Wato tun kafin dutsen ya taɓa ƙarfe ya riga ya wuce iyakar gudun da aka yi shi dominsa. Dokar mai sauƙi ce ashe, lambar da ke jikin dutse dole ta kai ko ta wuce lambar da ke jikin inji. Kuma murfin da na cire, banda tare fuska, shi ne ke hana a ɗaura dutsen da ya fi ƙarfin injin tun farko, don ba zai shiga ba.

Sai ya kankare zoben ƙarfen da ke tsakiya ya nuna min wasu ƙananan lambobi, harafin V da wata da shekara. Ashe dutse yana da ranar lalacewa kamar magani, galibi shekara 3 daga ranar da aka yi shi, namu ya wuce da fiye da shekara. Dutsen yanka ba ƙarfe bane, yashi ne mai tauri aka kwaɓa da wani irin gam aka matse shi da raga ta zaren gilashi a ciki, gam ɗin nan yana tsufa kuma danshi yana cin ƙarfinsa. Namu ya kwana cikin ruwan bokiti ya bushe ya sake jiƙewa ban san sau nawa ba. Tun daga ranar idan na je sayen dutse sai na duba zoben, kuma na sha tarar da waɗanda lokacinsu ya wuce a kan kanta, mai shagon ma bai sani ba, ba ha'inci bane, shima ba wanda ya taɓa nuna masa.

Amma ko da dutsen sabo ne kuma daidai da injin, yanda aka ɗora ƙarfen kaɗai ya isa ya jawo masifa, kuma nan ne nake so masu koyar da yara su tsaya. Idan ka ɗora dogon ƙarfe a kan abu biyu ka yanka tsakiya, duk yanda yankan ke zurfi tsakiyar tana sunkuyawa ƙasa, bakin tsagar ta sama yana rufewa, sai ya cije dutsen kamar haƙori. Dutsen da ke juyi dubu goma sha ɗaya idan aka cije shi abu biyu ne, ko ya fashe ko injin ya yi tsalle ya dawo kan mai riƙe da shi, wani lokacin duka biyun. Yanda ya kamata shi ne ka matse ƙarfen a bayis, wato abun matse ƙarfe na kan tebur, ko ka ɗaure shi a tebur, layin yankan ya ɗan fito waje daga bakin teburin, yanda guntun da za'a cire zai sunkuya ya buɗe tsagar ya faɗi da kansa. Idan guntun dogo ne mai nauyi a sa masa abun tara a ƙasa kaɗan ko wani ya tallafe shi daga nesa ba tare da ya ɗaga ba. Ƙafa ba bayis bace. A wannan aikin kafin wuta ta ɗauke angul ɗin ya riga ya fara sunkuyawa, da dutsen ya tsaya sai ya cije shi gaba ɗaya, wuta na dawowa injin ya fizga da dukkan ƙarfinsa akan dutsen da ba shi da hanyar juyawa.

Wannan maganar ɗaukewar wuta ita ce wadda ban taɓa tunani a kanta ba sam, alhali a rana sai a ɗauke mana sau nawa. Akwai girinda masu makunnin da sai ka riƙe shi danne, kana saki ta mutu, akwai kuma sababbi da idan wuta ta ɗauke ta dawo ba za su tashi ba sai ka kashe ka sake kunnawa, amma yawancin waɗanda ke hannunmu masu maƙalewa ne. Yanzu doka ce a shagona, wuta na ɗaukewa kowa ya kashe makunni ya zare dutse daga ƙarfe ya ajiye inji, kuma wanda zai tada janareta sai ya ɗaga murya yace "wuta na zuwa" ya ji an amsa masa. Ba'a tada girinda dutsenta na cikin tsaga ko da wuta bata ɗauke ba, a waje ake kunna ta ta kai cikakken gudu sannan a shiga a hankali, a bar nauyinta yayi aikin, ba dannawa ba murɗawa.

Tabarau kuma, baƙin gilashin walda ba na yanka bane, ba ka ganin layi da shi shi yasa kowa ke ture shi. Na sayo farare masu rufe gefe guda huɗu da garkuwar fuska ta roba guda biyu, kuɗinsu duka bai kai abun da na biya na hoton kai kaɗai ba. Da garkuwar tana fuskarsa da ƙila tsagar kumatun bata kai haka ba, da tabarau na idonsa da ɓarɓashin bai shiga ba. Kunne ma haka, ni yanzu kunnena na dama yana min wani irin shuuu da daddare, ƙanina yace ƙarar da ta wuce desibel 85 idan ana wuni cikinta tana cin ji a hankali, girinda kuwa idan tana cin ƙarfe takan kusa 100, kuma jin da ya tafi baya dawowa. Abun toshe kunne na soso ba shi da tsada, yaran dai sai an yi ta fama da su.

Abun da ya fi ci min rai shi ne yankan da ya rage a ranar bai fi guda 6 ba, kuma akwai zarto a rataye a bango. Mun raina zarto tun da girinda ta yi arha, yaran yanzu wasu ko ɗaura ruwansa basu iya ba, sai ka ga sun juya haƙoran baya suna ta gumi ƙarfe bai ci ba. Haƙora gaba suke kallo, a turawa yake yanka, a dawowa sai ka sassauta. Ruwan mai haƙori 18 a inci na ƙarfe mai kauri ne irin angul da rodi, 24 na tsaka-tsaki, 32 na bututu mai sirara da langa-langa, abun lura dai aƙalla haƙora 3 su kasance a kan ƙarfen a lokaci ɗaya, in ba haka ba suna kamawa su kakkarye. A ɗaure ruwan yayi tauri, a yi amfani da tsawonsa duka ba tsakiya kawai ba, idan an kusa ƙarshe a rage ƙarfi don kar hannu ya zarce ya daki bakin ƙarfen. Zarto ma yana yanka mutum, ba wai ba, amma ban taɓa jin ya huda kwanon rufi ba. Da na ce masa ɗauki zarto da mun ƙara awa ɗaya ko biyu ne kawai.

Da na fara binciken sauran kayan sai na ga ba girinda kaɗai bace. Kurfinmu guda biyu kansu ya baje kamar lema saboda dukan guduma, irin wannan bakin yana ɓallewa ya tashi kamar harsashi, na sa aka goge su. Almakashin kwano ya dakushe har yara suna taka shi da ƙafa, na wasa shi. Na tarar ana goge bakin walda da gefen dutsen yanka, wanda kaurinsa daga milimita 1 zuwa 3 ne kuma ba'a yi shi don a danna shi ta gefe ba, na goga shi ne mai kauri wajen milimita 6. Wayar girindar an ɗaure ta da leda a wuri uku, ga ƙasa a jiƙe da damina. Galan ɗin fetur na janareta yana zaune inda tartsatsi ke sauka, tartsatsin nan kuwa yana tafiya mita da yawa kuma yana iya kwanciya cikin tsumma ko soso sai bayan an rufe shago ya tashi. Duk waɗannan kullum ina wucewa ta gabansu.

Bokitin na zubar da shi gaba ɗaya, na farfasa duwatsun da guduma don kar wani yaro ya tsince su a bola ya kai wani shagon. Sababbi suna cikin akwati a kwance a saman kanta inda ruwa baya zuwa. Na samo murfi da mariƙi a wajen masu gyaran inji aka ɗaura wa ƙaramar, na kuma daure na sayi injin yanka na tebur mai dutse inci 14, wanda yake da bayis ɗinsa a jiki, yanzu duk yankan angul da bututu a kansa ake yi, girinda sai inda shi ba zai je ba. Kafin a canza dutse sai an zare waya daga soket, a duba shi a haske ko akwai tsaga ko ɓalli, wanda ya faɗi ƙasa ba'a ɗaura shi, a ɗaure noti da sifanarsa ba da kurfi da guduma ba, sannan a kunna a bar shi yayi juyi kamar rabin minti an kau da shi daga kowa. Mai yanka baya tsayawa a saitin dutsen, gefe yake tsayawa, hannu biyu, kuma ba'a ajiye ta sai ta tsaya cak. Jallabiya da riga mai faɗin hannu na hana, kowa ya cire ya sa ta aiki. Ruwan zarton katako mai haƙora da wasu ke ɗaura wa girinda kuwa na faɗa musu duk wanda na gani da shi a ranar zai bar min shago.

Ba zan ce komai ya tafi daidai ba. Hamma da kansa sau biyu na kama shi ya cire murfin don zai shiga lungu, na biyun sai da na kai shi gaban guntun da ke jikin ƙofa na ce ya ciro shi da hannu, ya kasa. Wasu abokan sana'a suna cewa na tsorata ne, aiki zai riƙa min jinkiri. Eh yana ɗan jinkiri, musamman ɗaure ƙarfe kafin yanka, amma dutse yanzu ya fi daɗewa don ba'a murɗa shi, kuɗin da nake tunanin ina tattalawa da bokiti ashe ta can yake zubewa.

Watannin baya wani ya kawo duro yace a raba masa biyu zai yi wajen gasa nama. Na sunsuna bakin na ji warin fetur, yace ai ya fi wata uku babu komai a ciki. Na ce masa duron da babu komai ɗin shi ne abun tsoro, don tururin da ya rage a ciki shi ke fashewa ba ruwan man ba, tartsatsi ɗaya ya isa. Ya ji haushi ya ɗauka ya tafi, ban san inda ya kai ba kuma abun ya dame ni har dare. A da da na yanka masa. Haka bututun ruwa mai farin shafi, yanzu a waje muke yanka shi da walda shi, don hayaƙinsa yana kawo zazzaɓi da ciwon jiki da daddare mutum ya ɗauka maleriya ce, madarar da muke sha bayan aiki kuma bata hana komai.

Yaron ya yi wata biyu a gida. Na ɗauka Addata ba za ta bar shi ya dawo ba, kuma da ta hana ba zan ga laifinta ba, amma shi ya nace. Ranar da ta dawo da shi sai da ta shigo cikin shagon, abun da bata taɓa yi ba, ta ce in nuna mata injin. Na nuna mata da murfinsa, na nuna mata lambar jikinsa da ta jikin dutse, ta sa shi ya karanta mata su da ƙarfi. Ta ɗaga kai ta kalli hudar da ke kwanon, na ce mata sauran yoyon duk na toshe, wannan ɗin ne na bari. Tabon yana nan a kumatunsa, idon yana gani alhamdulillah, sai dai yace da daddare fitilar mota tana ɗan watsuwa masa a na hagun, likitar tace ɗan tabo ne ya rage a wajen kuma mu dawo bayan wata shida ta sake dubawa. Ranar Litinin mai zuwa ne za mu koma.